Wutar da Ba Ta Jan Mutum Amma Tana Ƙone Mota: Kaurin Wayar Amfilifaya a Mahangar Kimiyya

Sanin kowa ne cewa mutum yana iya dafa kawunan batirin mota guda biyu da hannuwansa ba tare da ya ji komai ba, alhali kuwa da zai kuskura ya yi haka da wayar lantarkin gida, to sai dai wani ikon Allah. Wannan ne ya sa jama'a da dama suka ɗauka cewa wutar mota ba abar tsoro ba ce, kuma kowace irin waya aka samu za ta iya ɗaukarta. A bisa wannan zato ne ake ganin mai mota ya kashe kuɗi masu yawa wajen sayen rediyo da manyan lasifikoki da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, amma idan aka zo kan wayar da za ta kai wa na'urar wuta daga batir, sai ya ce a nemo masa mai araha, ko ma a yanko ragowar wadda aka yi aikin gida da ita. Haka abin yake ga matashin da ke son kiɗa ya cika masa mota, da mai tallar magani da ya ɗaura lasifika a kan rufi, da masu motocin shela a lokacin biki ko siyasa.

Abin da kimiyyar lantarki ta nuna kuwa ya saɓa wa wannan zato. Ƙarancin ƙarfin wutar mota, wanda ya hana ta jan mutum, shi ne ainihin dalilin da ya sa take bukatar waya mai kauri fiye da ta gida nesa ba kusa ba. Idan wayar ta gaza, babu wanda wuta za ta ja. Zafi ne zai taru a cikinta a ƙarƙashin kafet da kujeru, inda ido ba ya gani, kusa da soso da roba da bututun mai.

Bolt, Amfiya da Wat

Domin a fahimci lamarin, ya kamata a bambance abubuwa uku da ake aunawa a lantarki. Mai noman rani da ke ban ruwa da inji ya san cewa akwai ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, akwai kuma yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo. To haka lantarki yake. Ƙarfin turin shi ake aunawa da bolt, yawan abin da ke gudana cikin waya kuma shi ake aunawa da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wanda shi ne ma'aunin aikin da wutar ke yi.

Lantarkin gida a Nijeriya bolt 230 ne. Saboda haka dutsen guga mai wat 1,000 ba ya jan abin da ya wuce amfiya 4 da ɗan ɗoriya, kuma siririyar waya ta ishe shi. Batirin ƙaramar mota kuwa bolt 12 ne, wanda kan hau zuwa wajen 13.8 ko 14.4 idan inji yana aiki kuma altaneta, wato injin da ke cajin batir, tana juyawa. Domin a fitar da wat 1,000 ɗin nan daga bolt 12, dole amfiya 83 ta bi ta cikin waya. Aiki ɗaya ne, amma nauyin da ke kan wayar ya ninka kusan sau ashirin. Duk mai shakka ya buɗe bonet ya dubi wayar da ta tashi daga batir zuwa sitata, wadda masu gyara ke kira kik. Zai ga kaurinta ya kusa na ƙaramin yatsa, domin sitata kan ja amfiya ɗari ko fiye a ɗan lokacin da take murza inji.

Wannan dalili ne ya sa masu ƙera motoci a Amurka suka bar batir mai bolt 6 suka koma mai 12 a cikin shekarun 1950, shi ne kuma ya sa manyan motocin ɗaukar kaya ke amfani da bolt 24. Kai, shi ne ma ya sa ake ɗaga wutar da ke fitowa daga madatsar ruwa ta Kainji zuwa bolt 330,000 kafin a turo ta cikin manyan wayoyi, domin da za a turo ta a bolt 230, babu wayar da za ta iya ɗaukar amfiyar da za a bukata.

Inda Zafin Yake Fitowa

Babu wayar da ke barin lantarki ya wuce ta cikinta kyauta. Kowace tana da wata turjiya, wadda ake aunawa da om, sunan da aka samo daga wani malamin lissafi Bajamushe, Georg Simon Ohm. A shekarar 1827 ne ya wallafa binciken da ya nuna cewa bolt ɗin da ke salwanta a cikin waya daidai yake da amfiyar da ke bi ta cikinta idan an ninka ta da turjiyar wayar. Turjiyar kuwa tana ƙaruwa da tsawon waya, tana raguwa da kaurinta, sannan ta danganta da irin ƙarfen da aka yi wayar da shi. Idan aka ninka tsawo, turjiya ta ninka. Idan aka ninka faɗin bakin wayar, wato fuskar da ake gani idan an yanke ta, turjiya ta ragu da rabi.

Bolt ɗin da ya salwanta ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Wani Baturen Ingila, James Prescott Joule, wanda mahaifinsa ke da masana'antar giya a Salfod kusa da Manchesta, shi ne ya auna wannan zafi a wajajen 1840, ta hanyar tsoma waya cikin ruwa yana duba yadda ruwan ke ɗumama. Abin da ya gano shi ne jigon wannan magana baki ɗaya: zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, yana bin amfiya ne idan an ninka ta da kanta. Wato idan amfiya ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Idan ta ninka sau uku, zafi ya ninka sau tara. Shi ya sa wayar da ta yi shekaru tana ɗaukar ƙaramar amfilifaya lafiya lau, ranar da aka sauya na'urar da babba aka bar wayar yadda take, sai a fara jin ƙaurin roba.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hannu a ciki. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10 na zafi, kuma alkaluman da ke cikin littattafai an auna su ne a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da ta wuni a rana ko kusa da injin da ke aiki, ba abin mamaki ba ne waya ta kai digiri 70, inda turjiyarta za ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Ga shi kuma iskar da za ta sanyaya ta ita kanta mai zafi ce. Don haka jadawalin da aka tsara a ƙasar sanyi, a nan sai an yi masa ƙari.

Nawa Amfilifaya Take Ja?

Kafin a zaɓi waya sai an san nauyin da za ta ɗauka, kuma a nan ne ake fara rikicewa, domin adadin wat da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali sau da yawa na talla ne kawai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Adadin da ke da ma'ana shi ne wanda aka rubuta haruffan RMS a gefensa, domin shi ne ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a ɗore. Wanda aka rubuta wa PMPO kuwa babu wata ƙa'ida ɗaya da ake auna shi da ita.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama gaskiyar na'ura, ita ce a dubi fis ɗin da ke jikinta. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 3,000 amma fis ɗinta guda ɗaya ne mai amfiya 30, ba za ta iya shan fiye da wat 430 ko makamancin haka daga batir a ɗore ba, tun da 30 sau 14.4 shi ne 432. Na'ura kuwa ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha.

Hasali ma ba ta fitar da ko daidai da shi, domin wani kaso yana zama zafi a jikinta. Amfilifayoyin tsohon tsari, waɗanda ake kira rukunin AB, kimanin kashi 50 zuwa 65 cikin 100 na abin da suka sha ne ke isa ga lasifika. Na rukunin D, waɗanda suka yawaita daga baya musamman wajen kaɗa manyan lasifikokin gangan sauti, sukan kai kashi 80 ko fiye. Alal misali, a ɗauki na'ura mai wat 500 na haƙiƙa daga rukunin AB, a ƙaddara cewa kashi 60 take bayarwa. Za ta sha wat 833 daga batir, idan kuma aka raba wannan da bolt 13.8, sai a sami amfiya 60. Takwararta ta rukunin D amfiya 45 za ta ja. Gaskiya ne cewa kiɗa hawa da sauka yake yi, kuma a mafi yawan lokaci na'urar ba ta jan ko rabin wannan adadi. Amma da mafi girman adadin ake yin lissafi, kamar yadda ake gina gada da lissafin motar da ta fi kowace nauyi.

Ma'aunin Geji

Wayoyin amfilifaya da ake shigowa da su galibi suna ɗauke da ma'aunin Amurka, wanda ake rubutawa AWG, masu sana'a kuma suke kira geji. Kamfanin Brown & Sharpe na birnin Providence ne ya tsara shi a 1857, kuma yana da wata ɗabi'a da ke rikita baƙo: gwargwadon girman lamba, gwargwadon sirantakar waya. Geji 8 ya fi geji 4 siranta, geji 0 kuma ya fi su duka kauri. Asalin abin daga yadda ake yin wayar ne, domin ana jan sandar ƙarfe ta cikin ƙofofi masu raguwar faɗi ɗaya bayan ɗaya, don haka wadda aka ja sau da yawa ita ce ta fi siranta. Duk saukar lamba uku, faɗin bakin waya yana ninkawa biyu.

A Nijeriya da sauran ƙasashen da ke bin tsarin mita, ana auna waya ne da murabba'in milimita, kamar yadda masu aikin wutar gida ke cewa waya mai 1.5 ko 2.5. Geji 10 yana daidai da murabba'in milimita 5.3, geji 8 yana da 8.4, geji 4 yana da 21.2, geji 2 yana da 33.6, geji 0 kuma 53.5. Wanda bai sami wayar geji ba yana iya ɗaukar ta mita mafi kusa daga sama: mai 10 a madadin geji 8, mai 25 a madadin geji 4, mai 35 a madadin geji 2. Wayar da masu walda ke amfani da ita tana zuwa a irin waɗannan ma'aunai, kuma idan ta jan ƙarfe ce tsantsa tana yin wannan aiki sosai, domin silinta ƙanana ne masu yawa, tana lanƙwasuwa, rigarta kuma tana jure wahala. Wayar gida mai sili ɗaya ko 'yan kaɗan masu tauri ba ta dace da mota ba ko da kaurinta ya kai, saboda girgizar hanya kan gajiyar da ita har ta karye a bakin maɗauri.

Yanzu sai a gwada lissafin da amfiya 60 ɗin nan. A yawancin ƙananan motoci batir yana gaba, amfilifaya tana but, kuma idan aka bi da waya ta lungunan da ya kamata, tsawonta kan kai mita 5. Waya mai geji 4 ta jan ƙarfe a wannan tsawo turjiyarta om 0.004 ce, za ta cinye rubu'in bolt ɗaya, ta fitar da zafi na wat 15 a baje cikin mita biyar, abin da hannu da ƙyar zai ji. Mai geji 8 za ta cinye bolt 0.6, ta fitar da wat 37. Wayar gida mai 2.5 kuwa za ta cinye bolt 2 cur, ta fitar da zafin wat 124, wato kamar a ce an jera ƙwan fitila mai wat 25 irin na da a kowace mita, aka lulluɓe da kafet. Robar da ke jikin irin wannan waya an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba.

Masu wannan sana'a sukan so kada asarar ta wuce rabin bolt. A bisa wannan, geji 4 ne ya dace da misalin da aka kawo, geji 8 kuma ya ɗan gaza. Da a ce motar irin wadda batirinta ke cikin but ce, kamar wasu ƙirar Jamus, inda wayar ba za ta wuce mita ɗaya da rabi ba, da asarar ta ragu ƙwarai. Saboda haka tambayar wane geji ya dace da wat kaza ba ta da amsa sai an faɗi tsawo.

Bolt ɗin da waya ta cinye yana da wata illa ban da zafi. Wasu amfilifayoyi an ƙera su ne yadda idan bolt ya ragu sai su ƙara jan amfiya don cike giɓin, wanda hakan ke ƙara wa wayar zafi. Wasu kuma ƙarfinsu ne ke raguwa, sautin ya fara tsagewa tun ba a kai ko'ina ba, mai mota ya ƙara murɗa maɓalli, tsagaggen sautin kuma ya ƙone lasifika. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan lasifikar.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Duk alkaluman da suka gabata na jan ƙarfe ne tsantsa. To amma tsadar jan ƙarfe ta sa kasuwa ta cika da wata waya da ake rubuta wa CCA, wadda cikinta alminiyum ne, aka yi mata siririyar riga ta jan ƙarfe da ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jikinta ba. A ido ba a bambance su. A wajen aiki kuwa, alminiyum kashi 61 cikin 100 kawai yake iya yi na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai yi, rigar kuma ba ta ƙara masa wani abin kirki ba. Ma'ana, wayar CCA mai geji 4 aikin geji 6 na jan ƙarfe take yi.

Wannan ba ya nufin alminiyum ba ya aikin lantarki, domin manyan wayoyin da ke kan turaku a bakin titi da shi aka yi su. Wanda ya san abin da ya saya, ya kuma ɗauki wadda ta fi kauri da lamba biyu, to ya rufe giɓin turjiya. Sai dai akwai sauran matsala a maɗauri. Alminiyum yana saurin yin wata fata marar ganuwa da ba ta barin lantarki ya wuce, yana kuma lotsawa sannu a hankali a ƙarƙashin noti har ɗaurin ya saki, kuma a kusa da batir, inda akwai danshi da tururin asid, yakan rududduge ya zama gari. Amurkawa sun ɗanɗana wannan a gidajen da aka yi wa waya da alminiyum daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, inda aka riƙa samun gobara da ke tashi daga maɗaurai.

Babbar matsalar ita ce a sayar wa mutum alminiyum da sunan jan ƙarfe, ko a kumbura rigar roba a rage ƙarfen ciki. Akan sami wayar da daga waje kaurinta ya kai na geji 4, amma idan an feɗe ta abin da ke ciki bai wuce na geji 8 ba. Araha dai ba ta ado. Ana iya gane ta kafin a biya kuɗi. Idan aka dubi bakin da aka yanke, ko aka kankare sili ɗaya da reza, alminiyum zai nuna fari, jan ƙarfe kuwa ja ne har ciki. Idan aka kara sili a harshen ashana, na alminiyum zai lanƙwashe ya zube nan da nan, domin yana narkewa a digiri 660, na jan ƙarfe kuwa sai 1,085, don haka ja kawai zai yi ya tsaya. Ma'auni ma ba ya ƙarya: mita ɗaya ta geji 4 ta jan ƙarfe, idan an cire rigar, nauyinta giram 190 ne, takwararta ta CCA kuwa ba ta kai giram 80 ba. Haruffan OFC da ake rubutawa a jikin wasu wayoyi suna nufin jan ƙarfen da aka tace daga iskar oksijin. Fifikonsa a kan jan ƙarfe na yau da kullum wajen ɗaukar lantarki bai taka kara ya karya ba, kuma babu kunnen da zai ji bambanci. Amfanin rubutun kawai shi ne ya nuna cewa wayar ba alminiyum ba ce, idan mai rubutun ya faɗi gaskiya.

Fis: Mai Gadin Waya

Ko da an sami waya mai kauri ta jan ƙarfe tsantsa, aikin bai kammala ba sai da fis, kuma a nan ne kuskure ya fi muni. Mutane da yawa suna ganin tun da akwai fis a jikin amfilifaya, ba a bukatar wani. Wancan kuwa na'urar kaɗai yake tsarewa. Wayar da ta taso daga batir tana ɗauke da wuta dare da rana, ko an kashe mota an zare makulli, kuma gangar jikin motar baki ɗaya ita ce ɗaya ɓangaren na batir. Duk inda rigar wayar ta goge ƙarfenta ya taɓa jikin mota, ko a ramin da aka huda tsakanin inji da ɗakin fasinja, ko a ƙarƙashin ƙafar kujera, ko a sanadin karo, to batir zai juye duk abin da yake da shi ta wannan wuri, fis ɗin da ke can cikin but kuma bai ma san ana yi ba.

Yana da kyau a ga girman abin a lissafe. Turjiyar mita 5 ta geji 8 kimanin om 0.01 ce, ta cikin batir mai lafiya ma ba ta wuce haka ba. Idan wayar ta taɓa jiki a can ƙarshenta, amfiya wajen 600 ce za ta kwarara, zafin da zai fita a cikin wayar kuma ya haura wat 3,500. Jan ƙarfen da ke cikin wannan waya giram 375 ne kacal, saboda haka zafinsa zai riƙa hawa da kimanin digiri 25 a kowace daƙiƙa. Kafin a ƙirga goma ya wuce digiri 200, rigar ta narke daga gaba har baya a lokaci guda, kuma robar PVC idan tana ƙonewa tana fitar da hayaƙi mai asid da ke shaƙe numfashi da rufe ido. Direban da ke tafe a kan hanya bai isa ya tsaya ya nemo sifana ya kwance kan batir a cikin wannan ɗan lokaci ba.

Don haka wajibi ne a sa fis a kan wayar kusa da batir gwargwadon iko, domin duk abin da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai gadi. Ƙa'idar da masu haɗa sautin mota suka saba bi ita ce kada tazarar ta wuce inci 18, wato santimita 45. Masu tsara ƙa'idojin wutar jiragen ruwa a Amurka sun fi tsanantawa, inci 7 suka yanka, domin wanda jirginsa ya kama wuta a tsakiyar ruwa ba shi da gefen titin da zai tsaya.

Girman fis ɗin kuwa waya ce ke yanke shi. Dole ya kasance zai tsinke kafin wayar ta wahala. Jadawalin masu sana'a sun ɗan sha bamban, amma wanda ya tsaya a wajen amfiya 50 ga geji 8, da 100 zuwa 125 ga geji 4, da 250 ga geji 0, duka na jan ƙarfe, bai yi ganganci ba. Ƙasa da haka babu laifi muddin ya ishi na'urar. A misalin amfiya 60 da aka kawo, fis mai 80 a kan geji 4 ya wadatar. Abin lura shi ne fis ba ya tsinkewa da zarar an kai adadin da ke jikinsa. Yana iya ɗaukar abin da ya haura adadin da kashi ɗaya cikin uku na tsawon mintuna kafin ya yanke, don haka fis mai 150 a kan siririyar waya ado ne kawai, wayar ce za ta riga shi narkewa. Ita kuwa al'adar nan ta maye fis ɗin da ya ƙone da silin waya ko takardar kwalin sigari, daidai take da korar mai gadi saboda ya yi ihun ɓarawo.

Hanyar Komawa

Lantarki ba ya tafiya sai da hanyar dawowa, kuma duk amfiyar da ta shiga amfilifaya ta jar waya, ita ce za ta fita ta baƙar waya, wadda masu riwaya ke kira at. Saboda haka kaurinsu ɗaya ne, babu ragi. Ana so ta zama gajeriya, ƙasa da rabin mita idan zai yiwu, a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota mai kauri bayan an kankare fenti har ƙarfen ya yi ƙyalli, sannan a shafe wurin da giris don kada ya yi tsatsa. Idan wannan ɗauri ya yi rauni, wutar kan nemi wata hanya, kuma wadda ta fi kusa ita ce siraran wayoyin da ke kawo sauti daga rediyo, waɗanda ba a yi su don ɗaukar ko amfiya ɗaya ba. Ta nan ne rediyo kan lalace ko a riƙa jin kukan inji a lasifika. Haka nan gajeriyar wayar da ta haɗa batir da jikin mota, masu ƙera motar sun auna ta ne da kayan wutar da suka sa, don haka wanda ya ƙara nauyin amfiya 60 ko 100 sai ya ƙara mata kauri ita ma. A ramin da waya za ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba, kuma kafin a fara aikin gaba ɗaya a cire kan batir na at, a cire zobe da agogon ƙarfe daga hannu.

Bayan an gama haɗawa, mitar auna bolt za ta faɗi ko aikin ya yi. A tada inji, a sa kiɗa mai nauyin ganga a ɗaga shi, a auna bolt a kan batir, sannan a auna a bakin amfilifaya. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, akwai inda ake asara, kuma bayan minti goma ko sha biyar hannu zai iya nuna wurin, domin maɗaurin da ya saki ya fi sauran wayar zafi. Idan kuwa bolt ɗin yana faɗuwa tun daga kan batir ɗin kansa, fitilun gaba kuma suna lumshewa tare da bugun ganga, to wannan ba laifin waya ba ne. Altanetar ƙaramar mota galibi amfiya 70 zuwa 120 take bayarwa, kuma daga ciki ne inji da fitilu da na'urar sanyaya mota ke ɗibar rabonsu. Abin da ya rage bayan nan shi ne iyakar abin da amfilifaya za ta samu, komai kaurin wayar da aka ja mata.